Jinya da Mai Jinya: Nazarin Kalmomin Gajiya a Bakin Sababbin Ma'aikatan Asibiti

1. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kwana a asibiti, ko don ciwon kansa ko don na wani nasa, ya san cewa likita zuwa yake yi ya duba ya wuce, amma wadda ke tsaye a kan marar lafiya dare da rana ita ce ma'aikaciyar jinya, wadda jama'a suke kira nas, ko sista, ko malamar asibiti. A Nijeriya aikin yana da tsari na doka tun 1947, sa'ad da aka kafa majalisar da ke rajistar masu jinya, aka kuma haɗe ta da hukumar ungozomomi a 1979. Majalisar ita ke shaida cewa ɗaliba ta ƙware, bayan ta yi shekara uku ko fiye tana koyo. Amma takardar shaida ba ta ɗauke wa mai ita wahalar shekarar farko, watau lokacin da aka daina kallonta a matsayin ɗaliba aka fara ɗora mata rayukan mutane.

An yi rubuce-rubuce da yawa a ƙasashen waje a kan wannan shekara, da kuma yadda sabuwar ma'aikaciya za ta kiyaye lafiyarta har ta zauna da gindinta a aikin. Abin da ba a cika dubawa ba shi ne harshen da za ta faɗi wahalarta da shi. Wannan takarda ta nan ta ɓullo wa al'amarin. Abin da take son nunawa shi ne, Hausa tana da isassun kalmomi na bayyana gajiya iri iri, amma ladabin gaisuwa da tarbiyyar kunya sun tsare ƙofar da kalmomin za su fito, buɗe ƙofar kuwa yana wuyan malamai da manyan ma'aikata. An yi amfani da lamirin mace a ko'ina don sauƙin magana, ko da yake maza da yawa suna wannan aiki a ƙasar Hausa, kuma duk abin da aka faɗa ya shafe su.

2. Kalmar jinya da fuskokinta biyu

Kalmar jinya, wadda waɗansu ke furtawa jiyya, tana da wata ɗabi'a da ya kamata a fara lura da ita. Ga misalai uku:

(a) Tana jinyar mijinta.
(b) Tana jinyar ƙafarta.
(c) Tana jinya a asibiti.

A jimla ta farko matar lafiyarta ƙalau, wani take kula da shi. A ta biyu ita ce mai ciwon. Ta uku kuwa ba a iya yanke mata hukunci sai an san labarin da ke kewaye da ita, gama tana iya zama a kwance a kan gado, tana kuma iya zama a zaune a gefensa.

Haka abin yake ga majinyaci. In aka bi ginin kalmar, an sami ɗafa-goshi ma- da ɗafa-ƙeya -i a jikin aikatau jinyata, sa'an nan ganɗantawa ta mai da t ta zama c, kamar yadda rubuta ta haifi marubuci, hukunta ta haifi mahukunci. Bisa wannan ƙiyasi, majinyaci shi ne wanda ya jinyaci wani. Amma akwai wani jerin sunaye masu wannan siga waɗanda ke nufin wanda wani hali ya kama, irin su mayunwaci da matsiyaci da mahaukaci, kuma a bakin asibiti da na gidajen rediyo majinyaci ya bi wannan jeri na biyu, ya zama marar lafiya. Ke nan kalma ɗaya tana iya ɗaukar mai kula da wanda ake kula da shi.

Tarihin ƙasar nan ya nuna cewa tazarar da ke tsakanin su biyun ba ta da yawa. A farkon 1969 wata ma'aikaciyar jinya ta mishan, Laura Wine, ta kamu da wani zazzaɓi a garin Lassa da ke ƙasar Borno, aka kai ta asibitin mishan a Jos, ta rasu a can. Charlotte Shaw, wadda ta yi jinyarta, ta kamu ta rasu. Ta uku, Lily Pinneo, wadda ta yi jinyar su biyun, ita ma ta kwanta, sai da aka kai ta Amurka ta warke. Daga nan duniya ta san zazzaɓin Lassa. Cutar da ke ƙetarawa daga gado zuwa ga mai tsaye a kansa abu ne da ake gani da ido, ana kuma koyar da ɗalibai yadda za su tsare kansu daga gare ta. Gajiya ita ce ke shiga ba a gani ba.

3. Shekarar farko

Wata masaniya Ba'amurkiya, Marlene Kramer, ta buga littafi a 1974 a kan dalilin da ya sa masu jinya ke barin aiki. Ta ce sabuwar ma'aikaciya takan bi matakai huɗu. Na farko kwanakin ɗoki ne, masu kama da kwanakin amarci, inda kome ke ba ta sha'awa. Na biyu lokacin girgiza, sa'ad da ta ga abin da aka koya mata a aji bai yi daidai da abin da ake yi a ɗakin marasa lafiya ba. Na uku farfaɗowa, na huɗu kuwa daidaitawa. Daga baya Judy Duchscher ta ƙasar Kanada, a rubuce-rubucenta na 2008 da 2009, ta nuna cewa tafiyar takan ɗauki kamar wata 12, kuma wata uku ko huɗu na farko su ne masu tsanani.

Abin da ke jawo girgizar ba ɓoyayye ba ne. Ɗaliba takan yi aiki da wani babba a bayanta, in ta yi kuskure a gyara kafin ya kai ga marar lafiya. Ran da ta zama ma'aikaciya, sai a bar mata ɗaki guda da dare, ita ce mai allura, ita ce mai duba ƙarin ruwa, ita ce mai yanke shawarar ko a ta da likita ko a jira safiya. Za ta ga mutuwa a hannunta, wani lokaci ta yaro ƙarami, sa'an nan ta juya ta ba na gado na gaba maganinsa kamar ba abin da ya faru. Ga kuma aikin dare, wanda ke juya wa jiki lokacinsa, gama hankalin ɗan Adam ya fi dusashewa a tsakanin ƙarfe uku da biyar na asuba, ko da kuwa ya yi barci da rana.

A ƙasar Hausa akwai ƙari a kan wannan. Wadda ta taso daga aikin dare takan koma gida mai jama'a, inda barcin hantsi ke kama da lalaci a idon wanda bai san inda ta kwana ba. In matar aure ce, girki na jiranta. Ga biki da suna da gaisuwar mutuwa, waɗanda rashin zuwansu abin zargi ne. Har wa yau, tun ran da ta sa farin kaya ta zama likitar unguwa, maƙwabta na sallama da katin asibiti a hannu, ba ta kuwa da bakin da za ta ce su dawo gobe.

4. Gaisuwa da amsarta

Da wuya a sami harshen da ya kai Hausa tambayar gajiyar mutum. Ana cewa sannu da aiki, ana cewa ina gajiya, in an rabu a ce a huta gajiya. Har akwai al'adar ban gajiya, inda ake takawa musamman a je gidan wanda ya yi hidimar biki ko ya dawo daga tafiya, a gaishe shi da wahalar da ya sha. Baƙon da ya ji wannan zai zaci babu inda ma'aikaci zai fi samun sauƙin faɗin damuwarsa kamar nan. Amma a dubi amsoshin:

Ina gajiya? Ba gajiya.
Ina gajiya? Gajiya ta bi lafiya.
Ina aiki? Aiki da godiya.

Kowace tambaya tana tafe da amsarta a ɗaure, kuma amsar kullum ta alheri ce. Masanin al'adu Bronislaw Malinowski ya yi bayanin irin wannan magana tun 1923, ya ce aikinta ƙulla zumunci tsakanin masu magana, ba a nufin ta kai wani labari. Wanda ya amsa ina gajiya da cewa ya gaji ƙwarai, har barci ya ƙaurace masa, bai yi ƙarya ba, amma ya karya ƙa'idar gaisuwa, mai tambaya kuwa zai tsaya yana kallonsa.

Ma'aikatan asibiti sun san wannan sarai game da marasa lafiya. In aka ce wa Bahaushe yaya jiki, zai ce da sauƙi, ko da kuwa numfashi yake ja da ƙyar. Saboda haka tun a makaranta ake koya wa ɗaliba kada ta tsaya a kan wannan amsa. Bayan gaisuwa sai ta sake tambaya: ina ne ke ciwo, tun yaushe, an yi barci jiya, an ci abinci? Gaisuwa daban, bincike daban. Abin mamaki shi ne, babbar sista wadda ba za ta taɓa rubuta da sauƙi a katin majinyaci ba, ita ce za ta ce wa ƙaramar ma'aikaciya ina gajiya, ta ji ba gajiya, ta wuce da zaton ta tambaya an kuma ba ta amsa.

5. Kalmomin da ke bayan gaisuwa

In aka wuce gaisuwa, sai a tarar harshen yana da ma'auni mai kyau na gajiya. Akwai gajiya ta yau da kullum, wadda barcin dare ɗaya ke wankewa. In ta yi yawa sai a ƙara mata amsa-kama, a ce ta gaji liƙis, ko ta gaji tiɓis. Sama da wannan akwai jigata da galabaita, waɗanda ke nuna wahalar da ta daɗe har ta ci jiki. Duk waɗannan na jiki ne. Amma da zarar an sa harafin da a bayan aikatau, sai maganar ta tashi daga jiki ta koma zuci:

(a) Na gaji.
(b) Na gaji da aikin nan.

Mai jimla ta farko hutu take nema. Mai ta biyu ko ta yi mako tana barci ba lalle ne ta warware ba, gama abin da ya ƙare mata shi ne sha'awar aikin. Kusa da wannan akwai ƙosawa da gundura, sa'an nan halin ko-in-kula. A wani ɓangaren kuma akwai karaya da sanyin gwiwa da sarewa, watau mutum ya yanke ƙauna daga iyawarsa.

Wannan rabo ya zo kusan daidai da abin da masana halayyar ɗan Adam suka gano. Herbert Freudenberger ya yi bayanin ƙonewar ma'aikaci a 1974, Christina Maslach da abokiyar aikinta suka fito da ma'auninta a 1981, a 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin kundinta na rabe-raben cututtuka, a matsayin abin da aiki ke jawowa, ba ta lasafta ta cikin cututtuka ba. Alamunta uku ne: ƙarewar ƙarfi, da nisantar aiki a zuci har mutum ya daina damuwa da shi, da jin cewa ba ya iya kome. Na farko shi ne jigata, na biyu ƙosawa da ko-in-kula, na uku karaya. Saboda haka malamin da zai koyar da wannan darasi ba ya bukatar aron kalma ko ɗaya. Yana da amfani kuma a sanar da ɗalibai cewa tsawar da jama'a ke kuka da ita daga waɗansu ma'aikatan asibiti, sau da yawa alama ce ta biyu ta bayyana a jikin wadda ta fara aiki da tausayi.

6. Kunya da haƙuri

Me ke hana waɗannan kalmomi fita daga bakin sabuwar ma'aikaciya? A laccarsa a kan mutumin kirki, wadda aka buga a 1974, A. H. M. Kirk-Greene ya lasafta halaye goma da Bahaushe ke auna mutum da su, cikinsu har da haƙuri da kunya da ladabi da amana. Uku na farko su ne aka fi horon 'ya mace da su tun tana ƙarama, kuma su ne take shiga asibiti da su.

Kunya takan hana ta tambaya. Ana ce matambayi ba ya ɓata, amma yarinyar da aka ba takardar shaida jiya tana ganin in ta ce ba ta tabbata da awon wani magani ba, za a ce me ta koyo a makaranta. Ga kuma jin nauyi, wanda ya bambanta da kunya kaɗan, gama shi saboda girman wanda za a tunkara ne. Tana jin nauyin ta da likita da tsakar dare, tana jin nauyin ce wa babbar sista aikin ya fi ƙarfinta. Haƙuri kuma shi ne amsar da take samu in ta kuskura ta yi ƙorafi: yi haƙuri, kowa da haka ya fara. Maganar gaskiya ce, an kuma faɗe ta da kyakkyawar niyya, amma a tsarin zance aikinta rufe magana, kamar yadda ake rufe rigima da ita.

Halin da zai warware wannan yana cikin jerin goman nan, watau amana. Majinyaci amana ne a hannun ma'aikaciya, kuma in kunya ta yi karo da amana, amana ke gaba. Akwai shaida a kan cewa gajiyar mai jinya tana komawa kan majinyaci. Binciken da Ann Rogers da abokan aikinta suka buga a 2004, a kan ma'aikatan jinya 393 a Amurka, ya nuna cewa haɗarin yin kuskure yakan ninka kamar sau uku in aiki ya kai awa 12 da rabi ko fiye a jere. Wadda ta ɓoye gajiyarta don kunya, ashe ba ita kaɗai za ta biya ba. Hausawa sun riga sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

7. Kula da kai ko tattali

Maganar da aka fi amfani da ita yanzu a littattafan koyarwa ita ce kula da kai. Tana da wata matsala da mai nazarin harshe zai gane nan da nan. In aka jera maganganun da aka gina da kai, sai a ga waɗanda ke nuna mutum ya fifita kansa duk na zargi ne: son kai, ji da kai, girman kai. Na yabo kuwa su ne waɗanda mutum ya danne kansa: kamun kai, ƙanƙan da kai, sadaukar da kai. Kula da kai ta faɗo tsakanin jerin biyu, kuma kunnen da aka rena da kunya yana iya jin ta kusa da na farko.

Kalmar tattali ba ta da wannan aibi. Ana tattalin abin da yake da daraja kuma yana iya ƙarewa, kamar hatsi a rumbu ko jari a hannun ɗan kasuwa, ba wanda kuma ke zargin mai tattali da son kai. In aka ce wa ɗaliba ta yi tattalin jikinta da hankalinta don su ne jarin aikinta, an faɗa mata abin da kakarta ma za ta yarda da shi, gama da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Abubuwan da tattalin ya ƙunsa sanannu ne. Babba yana bukatar barcin awa bakwai ko fiye a kwana ɗaya, saboda haka wadda ta yi aikin dare sai ta keɓe lokacin barcinta da rana, mutanen gida kuma su san cewa wannan shi ne darenta. Ta ci abinci ta sha ruwa a tsakiyar aiki, kada ta jira sai ta tashi. Ta karɓi allurar rigakafin ciwon hanta mai bin jini, ta cika ta duka uku, in kuma allurar da aka yi wa majinyaci ta soke ta, ta faɗa nan take, gama maganin kariya daga ƙanjamau yana aiki ne in an fara shi cikin awa 72. Ta sami wata babba guda da za ta iya gaya wa abin da ya tsaya mata a rai. In barci ya ƙi zuwa mako da mako, ko kuka ya riƙa zuwa ba dalili, ko ta ji rayuwa ta fita daga ranta, to lokacin ganin likita ya yi, kamar kowane majinyaci.

Lalle ne kuma a faɗi iyakar wannan. A 2002 Linda Aiken da abokan aikinta suka buga bincike a kan asibitoci 168 a jihar Fensilbaniya ta Amurka, suka tarar duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa ma'aikaciya yana ƙara haɗarin ƙonewarta da kashi 23 cikin ɗari, yana kuma ƙara haɗarin mutuwar majinyatan da aka yi wa tiyata da kashi 7 cikin ɗari. Inda ma'aikata suka yi ƙaranci, tattalin mutum ɗaya ba ya cike giɓin, kuma zalunci ne a ɗora wa yarinya laifin jigatar da tsarin aiki ya jawo mata.

8. Abin da ya rage ga malamai

Abu uku ne malaman makarantun horarwa za su iya yi ba tare da an ƙara musu ko kwabo ba. Na farko, su koya wa ɗalibai kalmomin sashe na biyar a matsayin alamu, yadda ake koya musu alamun zazzaɓi, don ɗaliba ta iya rarrabe gajiya da ƙosawa da karaya a jikinta da na abokiyar aikinta.

Na biyu, su ba ɗalibai jimlolin neman taimako waɗanda ba su saɓa wa ladabi ba, su kuma sa su maimaita su a aji har bakinsu ya saba. Misali: "Sista, don Allah a duba mini awon nan kafin in ba shi." Ko kuma: "Ranka ya daɗe, a gafarce ni da tashinka, jikin na gado na huɗu ya canza." Wadda ta taɓa furta magana sau goma a gaban malaminta ba ta jin nauyinta da ƙarfe uku na dare.

Na uku ya shafi manyan ma'aikata, waɗanda su ma daga hannun malamai suka fito. Al'adar ban gajiya tana nan, sai dai a shigo da ita asibiti: ran da majinyaci ya rasu a hannun ƙaramar ma'aikaciya, ko ta gama makonta na farko na aikin dare, wata babba ta neme ta musamman. In an gama gaisuwa, an ce ina gajiya an ce ba gajiya, sai babbar ta zauna ta yi mata irin tambayar da take yi wa majinyaci, wadda ba ta da amsa a ɗaure: "Ƙanwata, ƙarfe nawa kika kwanta jiya? Me kika ci tun safe? A cikin waɗanda kika duba makon nan, wane ne ya tsaya miki a rai?"